Hoton nebula ta Rosette ya fito ja wur, shuɗin ya ƙi fitowa: ina matsalar take?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan Yelwa ne a nan Bauchi, a tsakar gidanmu na ɗauki hoton nebula ta Rosette, gajimaren gas ɗin nan da ke can cikin taurari, da kyamarar ZWO ASI533MC Pro da filtar Optolong L-eXtreme, hoto 40 kowanne minti 3, na haɗa su a manhajar Siril. Daren akwai farin wata da ɗan hazo, kuma ban ɗauki filat ba, wato hotunan farin haske da ake goge tabon ƙura da su. Hoton duk ya yi ja, da na matsa ina son shuɗi ya fito irin na hotunan madubin hangen nesa na Hubble sai ya cika da tsakuwa-tsakuwa, ga wasu zobba-zobba a gefe. Ga shi na turo, a duba min don Allah.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi na ji daɗin hoton nan, taurarinka sun fito zagaye ba su ja wutsiya ba, ramin tsakiyar nan da iskar manyan taurarin wurin, gungun da ake kira NGC 2244, ta share shi ma ya fito sarai, kuma fa haske ne da ya yi tafiyar shekara wajen 5,000 kafin ya faɗo tsakar gidanku. Amma gaskiya shuɗin da kake nema bai taru da yawa a cikin abin da ka ɗauka ba, shi ya sa duk yadda ka ja shi a kwamfuta tsakuwa kawai kake jawowa.

Filtar taka ƙofa biyu ce da ita, kowacce faɗinta nanomita 7 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda shi ke bambanta launi da launi). Ɗaya tana barin hasken haidurojin, wato H-alfa ko Ha a taƙaice, a nanomita 656.3, shi ne jan. Ɗayar ta hasken oksijin ce da ake rubutawa OIII, a 500.7, launinsa tsakanin kore da shuɗi. A Rosette haidurojin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, oksijin ɗin kuwa rarrauna ne kuma ya fi taruwa a ciki kusa da taurarin tsakiya. Saboda haka jan da ka gani ba kuskure ba ne, haka abin yake. Sannan farin wata da hazon hunturu oksijin suka fi cuta, domin ƙurar tana watsa hasken wata da na fitilun sola na kan titi, wannan hasken kuma yana shigowa ta ƙofar OIII ya binne ɗan abin da ke wurin. H-alfa yana jure wata, OIII kam baya jurewa.

Maganar launin Hubble kuma, irin wanda aka san shi da shi tun hoton ginshiƙan nebula ta Eagle na 1995, kala uku ake haɗawa: salfa a ja, haidurojin a kore, oksijin a shuɗi. Filtarka bata barin salfa ya wuce, shi yana wajen nanomita 672 ne, toh ka cire wannan a ranka tukuna. Abin da zaka iya, kuma yana da kyau sosai, shi ne HOO, haidurojin a ja, oksijin a kore da shuɗi.

Ga yadda zan yi in ni ne. Sensar kyamararka a duk fiksel huɗu, wato ƙananan ɗigogin da ke karɓar haske, ɗaya ja ne, biyu kore, ɗaya shuɗi, H-alfa a jan kawai yake sauka, OIII kuma a kore da shuɗin. Kar ka haɗa su a dunƙule kamar hoton biki, Siril yana da hanyar da zai ware maka Ha daban OIII daban tun wajen tarawa. In ka samu guda biyun sai ka cire hasken garin da ya kwanta gefe ɗaya da manhajar GraXpert, ka daidaita ƙarfin OIII da na Ha tun kafin ka fara ƙara wa hoton haske, sannan ka cire taurari da manhajar StarNet ka ajiye su gefe. Wannan cire taurarin yana da muhimmanci, don na lura naka sun kumbura har wasu sun yi zobe mai shuɗi-shuɗi, ka ƙara musu haske tare da nebular ne. Ka gyara nebula ita kaɗai, ka rage tsakuwar OIII fiye da ta Ha tunda ƙananan zane-zanen duk a Ha suke, a ƙarshe ka mayar da taurarin a hankali.

Abu ɗaya da ya ɗan dame ni, ka baƙanta sararin sama ƙirin don ka ɓoye tsakuwa. Na buɗe hoton na ƙara masa haske, gefen nebular ya yanke kamar an sa almakashi, alhali Rosette ta fi faɗin wata sau biyu da wani abu kuma gefenta a hankali yake narkewa cikin duhu. Duk wannan siririn hayaƙin ka jefar da shi da hannunka. Ka bar bayan hoton ya zama toka-toka mai duhu, kar tudun histogiram, zanen nan da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, ya manne da bangon hagu.

Zobban gefe kuwa ƙura ce a kan filta ko gilashin sensa, kuma a Bauchi cikin hunturu ba yadda zaka yi ka guje mata. Filat ne maganinta. Da ka gama ɗauka, kafin ka taɓa fokas ko ka juya kyamara, ka ɗaura farar riga a bakin madubin hangen nesanka ka haska da farin allon waya ko na kwamfuta ka ɗauki kamar 30. Minti biyar ne. Ka haɗa da dak, wato hotunan da ake ɗauka da murfi a rufe, tunda kyamararka mai sanyaya kanta ce, sau ɗaya zaka yi su ka yi ta amfani da su, ka kuma kunna ditarin yadda hoton zai riƙa ɗan gusawa tsakanin ɗauka da ɗauka. Fokas ma ka riƙa dubawa, sanyin asuba yana gusar da shi.

Amma babban maganin lokaci ne. Awa 2 ka tara, in kana son tsaftar hoton ta ninka biyu sai ka tara awa 8, haka lissafin yake, ninki huɗu na lokaci ke bada ninki biyu na tsafta. Ba sai a dare ɗaya ba. Kuma mu a nan Allah ya bamu sa'a, Bauchi tana wajen digiri 10 arewa, Rosette tana wajen digiri 5 arewa a taswirar sama, kaga kusan ta tsakar ka take wucewa, a tsakiyar Janairu ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na dare tana can ƙololuwa, inda ƙurar da hasken zai ratsa ta fi ƙaranci. Ka ɗauka awa biyu kafin nan da awa biyu bayan nan, a dararen da wata ya ɓuya. In ka ga rana ta faɗi fara fat kamar faranti tun bata kai ƙasa ba, hazo ya yi yawa, ka bar kayan a ɗaki. In da hali ka fita bayan gari ta hanyar Dass ko ta Ningi tare da abokai, wurin da kuka sani kuma aka san ku, zaka ga bambanci a OIII ɗin. Hotunan nan 40 kar ka goge su, Ha ɗin cikinsu mai kyau ne, ka ɗora sababbi a kai ka sake turo min in gani.