Katangar da ba ta da siminti: amsa ga yarona kan hanyar fursunoni ta Ostireliya

Ɗana, ka nuna mini hoton wata tsohuwar hanya a Ostireliya wadda aka kafe gefenta da katangar dutse babu siminti, ka ce fursunoni ne suka gina ta kusan shekara 200 da suka wuce, sannan ka tambaye ni abin da ya riƙe ta har yau, da kuma ko tsoron bulala ne ya sa aikin ya yi wannan kyau. A bakin aiki na ce maka sai mun natsu, domin ba magana ba ce da za a yi ana kwaɓa kankare.

Hanyar da ka gani ita ce Turawa ke kira Great North Road, wato Babbar Hanyar Arewa, wadda ta tashi daga Sidni ta nufi kwarin kogin Hunter, tafiyar kimanin kilomita 260. Tun daga 1788 Birtaniya ta riƙa kwaso masu laifi daga gidajen yarinta tana jibge su a Ostireliya, har adadinsu ya haura 160,000 kafin a daina a 1868. An fara wannan hanya a 1826, zamanin Gwamna Ralph Darling, aka yi shekara goma ana fama da ita, kuma akwai lokacin da masu aiki a kanta suka kai mutum 700. Da yawansu waɗanda suka sake yin laifi ne bayan an kawo su, saboda haka da mari a ƙafa suke fasa dutse. Wurin da ke hotonka hawan Devines Hill ne, da zarar an ƙetare kogin Hawkesbury a mafitar Wiseman, kuma an gina shi tsakanin 1829 da 1832.

Abin da ya riƙe katangar, kafin komai, shi ne yadda aka bi da ruwa. Hanyar an sare ta ne a jikin tsauni, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, kuma duk ruwan da ya sauka a kan tsaunin kanta zai gangaro. Sai suka sassaƙa lambatu a cikin falalen dutsen ta ɓangaren tsauni, suka karkatar da fuskar hanyar yadda ruwa ba zai kwanta ba, suka kuma jera kwalbatoci na dutse a ƙarƙashinta domin su ɗauke ruwan lambatun su zubar can ƙasa. A inda katangar ta fi tsawo sun tokare ta da manyan ginshiƙai, kuma ta cikin ginshiƙan ne ruwan wasu kwalbatocin ke fita, yadda ba zai zaizaye gindin ginin ba. Rashin simintin ma da ka ɗauka aibi ne yana da ranarsa, domin danshin da ya taru a bayan katanga yana samun hanyar tsatsowa ta tsakanin duwatsu maimakon ya tsaya yana tura ta.

Wannan darasi ni da kuɗina na saye shi. Ina da ƙuruciya na taɓa yi wa wani mai gida katangar tare ƙasa a gangare, na zuba siminti ba ƙyashi, na shafe ta sumul, ban bar ko huda ɗaya ba. Ruwan Agusta na kwana uku ya cika bayanta, sai ta yi ciki, washegari da asuba ta kwanta gaba ɗayanta kamar an tura faifai. Bulo ko ɗaya bai rabu da ɗan'uwansa ba, amma ga ta a ƙasa, ni kuma na sake ginin daga aljihuna.

Sai kuma zaman dutsen kansa. Dutsen yankin irin mai yashi ne, yana tsagewa bisa jijiyarsa idan an san ta. Mutum ɗaya zai riƙe dogon ƙarfe mai kaifin baki yana juya shi kaɗan-kaɗan, wani yana dukansa da babbar guduma, har rami ya yi zurfi, sannan a ɗura albarushi a fasa. Inda ake son dutse mai siffa kuwa, sai a sara ƙananan ramuka a jere, a kafa weji na ƙarfe a kowanne, a bi su da duka ɗaya bayan ɗaya har falalen ya buɗe. Daga nan a gyara fuskokinsa da diga da ƙarfen sassaƙa, a ɗora shi ya zauna daram a kan na ƙasa, kowane dutse ya rufe gaɓar biyun da ke ƙarƙashinsa, katangar kuma tana hawa tana ɗan jingina da tsaunin. Nauyi ne ke yin aikin siminti. Idan ka ƙara girman hoton za ka ga sawun diga a fuskar duwatsun, da rabin ramukan albarushi a jikin tsaunin da aka sare.

Game da bulala, amsata ita ce a'a, kuma hujjar tana nan kusa da wurin. A 1828 an riga an yi wani hawan a wannan tsauni bisa layin da safiyo Heneage Finch ya fitar. Fursunoni ne suka yi shi, da mari da bulala kamar waɗanda suka gina na Devines Hill, amma ya cika tsayi da lanƙwasa, katangunsa kuma ba su kai waɗannan tsari ba, har Darling ya sa babban safiyo Thomas Mitchell ya nemo wani layi. Sabon hawan ya zo hannun Percy Simpson, wanda ya san sababbin dabarun gina hanya da ake yayi a Birtaniya a lokacin. Mutanen iri ɗaya ne, azabar iri ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne mai duba aikin da kuma hannun da ya riga ya faɗa bayan shekaru ana sassaƙa. Bulala tana iya sa mutum ya ɗaga dutse, amma ba ta nuna masa fuskar da zai kwantar.

Ka dubi kuma David Lennox, magini daga Sikotilan wanda ya isa Sidni a 1832. Mitchell ya gan shi yana gyaran dutsen wata katanga a cikin gari, ya gane gwani ne, ya damƙa masa aikin gadoji. Da fursunoni kusan ashirin, waɗanda shi ya koya wa yawancinsu sana'ar, ya gama gadar dutse mai baka a Lapstone a 1833, kuma tana tsaye har yau. An san shi da nema wa waɗanda suka yi aiki nagari sassaucin hukunci. Tun kafinsa ma, a 1814, William Cox ya ratsa tsaunukan Blue Mountains da fursunoni 30 da aka yi wa alkawarin 'yanci, suka sare hanyar mil 101 zuwa Bathurst cikin wata shida, ko da yake gaggawar ta nuna kanta, domin gangaren Mount York ya yi tsanani har masu amalanke kan ɗaura gungumen itace a baya ya zame musu birki.

Akwai dalili na ƙarshe da masu yabon hanyar ba su cika faɗa ba, kuma bai kamata magini ya ɓoye wa yaronsa shi ba: hanyar ba ta sha wahala ba. A 1831, tun ana tsakiyar aikin, jiragen ruwa masu tururi suka fara zirga-zirga tsakanin Sidni da kogin Hunter, ga sauri ga sauƙi. Ita kuwa hanyar tana bin ƙoƙuwar tsauni inda ruwan sha da ciyawar dabbobi suka yi ƙaranci, saboda haka matafiya suka guje wa dogayen sassanta kusan tun kafin a kammala. Wasu sassan an shimfiɗa musu kwalta, motoci na bi har gobe, amma hawan Devines Hill yana cikin gandun dajin Dharug, an rufe shi ga motoci, sai masu tafiya a ƙasa da masu keke, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wurare 11 na tarihin fursunonin Ostireliya da ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Da tirelolin siminti irin namu sun yi shekara hamsin suna hawansa, da ba wannan hoton ka nuna mini ba.