Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayar Barci, Mantuwa, Da Inda Ya Kamata Ku Kai Kuɗinku

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ce, ta haura shekara sittin, tun rasuwar Baba take shan Lexotan kullum da daddare, yanzu wajen shekara huɗu kenan, a kemis ɗin unguwa ake siyo mata. Mantuwa ta yi mata yawa, sai ta tambaye ki abu ɗaya sau uku, ko a sallah tana rikicewa da raka'a. Wani mai tallan kayan ƙarin lafiya ya kawo mana kwalbar maganin gyaran ƙwaƙwalwa mai tsada, yayana kuma ya ce mu ɓoye ƙwayar kawai a huta. Wanne za mu yi? Daga Unguwar Sarki.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Hajiya lafiya. Duka biyun kar ku yi, kuma shawarar yayanki ta fi ban tsoro, dan Allah ki kira shi yau ɗin nan ki gaya masa.

Lexotan da Valium wanda samari ke cewa D5, da Rohypnol da ake kira rochi, duk 'yan gida ɗaya ne, dangin benzodiyazefin. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA wanda shi ne birkinta, to waɗannan ƙwayoyin ƙara taka birkin suke yi, shi ya sa mutum ke jin jikinsa ya saki, barci ya zo. Matsalar ita ce ba barci kaɗai suke kawowa ba, suna hana sabon abu ya zauna a kai. Shi ya sa za ki ga Hajiya tana ba ki labarin aurenta tiryan-tiryan amma abin da kika faɗa mata da safe babu shi, bai ma shiga ba tun farko. Ga nauyin tunani, ga rashin tara hankali wuri ɗaya, sannan ga tsofaffi akwai jiri da faɗuwa, kuma faɗuwar tsohuwa a banɗaki da karayar ƙugu ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar likitoci ita ce sati biyu zuwa huɗu ake shan irin wannan magani. Hajiya shekara huɗu.

Bayan tsawon lokaci haka ƙwaƙwalwarta ta riga ta saba, idan aka yanke ƙwayar dare ɗaya sai jiki ya birkice: rawar jiki, zufa, fargaba, bugun zuciya, rashin barci da ya fi na da, ruɗewa, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wannan tana iya kisa. Sau da yawa a gidajenmu idan haka ta faru sai a ce iska ce ko sammu, alhali ƙwayar da aka ɓoye ce. Yadda ake yi shi ne likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan sati biyu ko fiye, yana duba yadda jikinta ke karɓa, wani lokaci ya mayar da mutum kan diazepam, wato Valium ɗin nan, saboda ya fi daɗewa a jini, ragewar ta fi zuwa da sauƙi. Abin yana cin watanni, wani ma ya haura shekara, kuma ba gazawa ba ce. Kar ku ɗauki lissafin nan ku fara gutsura mata ƙwaya da kanku.

Ita kuwa kwalbar can, ki riƙe kuɗinki. Babu wani ƙarin abinci ko haɗin ganye da aka tabbatar yana goge illar ƙwayar da mutum ke ci gaba da sha kowane dare. Kuɗin ku kai su wajen ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya, ku tafi da kwalin maganin da duk sauran abin da take sha, har na hawan jini da su Piriton, don shi ma yana sa barci yana ƙara dusashe tunanin tsoho. Ku roƙa a duba ta sosai, domin baƙin cikin rashin miji, ƙarancin bitamin B12 da matsalar tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, duk suna kawo mantuwa kuma duk suna da magani. Na san wasu za su ce Barnawa ai asibitin mahaukata ne, Hajiya ba za ta yarda ba. Ku lallaɓa ta, ku ce likitan barci za a gani, kuma gaskiya kuka faɗa.

Ko hankalinta zai dawo? Yawancin mutane suna samun sauƙi sosai bayan an raba su da ƙwayar, iyali ne ma ke fara lura mutum ya washe. Amma a hankali yake zuwa, kuma bincike ya nuna wasu da suka daɗe suna sha akan samu ragowar rauni ko bayan wata shida da dainawa. Don haka ku sa rai, ku kuma yi haƙuri da ita.

Tambaya: Anti ƙanina ne ɗan shekara ashirin da biyu, yana haɗa rochi da kodin, ya faɗi jarabawa sau biyu, abin da ya karanta ba ya zama. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari, wasu sun ce gidan gyaran hali na kuɗi. Daga Rigasa.

Amsa: Ƙanina, ka fara da abin da ya fi gaggawa. Haɗa rochi da kodin ko tramol ko giya shi ne ke danne numfashi, yaro ya kwanta barci a wayi gari babu shi. Idan ka gan shi yana wani irin munshari, an tashe shi ya ƙi tashi, leɓe ya canza launi, ka kwantar da shi ta gefe ku nufi asibiti, kar a ɗura masa madara ko manja. Gwamnati ta hana kodin na ruwa tun 2018 amma kai ma ka san bai ɓace daga unguwanni ba.

Gidan mari kuwa, kai ɗan Rigasa ne, ba sai na tuna maka abin da 'yan sanda suka tarar a watan Satumban 2019 ba, mutum wajen 300 aka fito da su daga gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa. Ko an bar maganar duka da yunwa, a irin wuraren nan yanke ƙwaya ake yi lokaci guda babu likita, wanda shi ne haɗarin da na gama bayani a sama. Addu'a da nasihar malamai muna so ƙwarai, a yi su yaro yana hannun likita.

Na kuɗin ma ba tsada ko kyan gini za ka duba ba. Ka tambaye su: akwai likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa, nas na kwana, yaya suke rage magani, ana barin iyali su ziyarta, kuma bayan sallama wa zai riƙa bibiyarsa? In suka fara kame-kame ko suka ce a sati biyu za su wanke masa jini ya warke, ka kama hanyarka. Ni da zan zaɓa, Barnawa zan fara zuwa a auna shi, don ba kowa ne ma ke buƙatar kwanciya ba, wani daga gida zai riƙa zuwa. Maganar makaranta kuma, ku nema masa ɗage zango a hukumance maimakon ya sake zama jarabawa da kan da bai washe ba.

Tambaya: Ni direban Keke ne, barci ke gagarata, abokina ya ce in sayi D5 rabi rabi.

Amsa: A'a malam. Diazepam yana kwana a jiki har washegari da bayanta, kana jin ka farka amma hannunka da idonka sun yi nauyi, ga fasinja a bayanka a titin Kawo. Ka bar shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙarin kuzari daga azahar, ka tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, ka ajiye waya in ka kwanta. Idan kana shan tramol don ƙarfin aiki to shi ma yana ɓata barci, ka faɗa wa likita gaskiya. In an yi wata ɗaya babu canji ka je asibiti a nemo dalilin.