Me ya sa ƙaramin bakin yanka ke karyewa a ƙarfen D2 mai tauri?

Tambaya: Ina sassaƙa 'yan ramuka a ƙarfen D2 (ƙarfen yin kayan aiki) da aka ƙara wa tauri zuwa 60 a ma'aunin tauri na HRC, da bakin kabayid (wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri) mai haƙora biyu, faɗinsa milimita 0.5, a injin CNC (mai aiki da umarnin kwamfuta) da ba ya wuce juyi 12,000 a minti. Na rage saurin tafiyar baki, amma har yanzu karyewa yake yi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, rage saurin da ka yi yana iya zama cikin abin da ke kashe maka baki. Kaifin haƙorin kabayid, duk kyansa, yana da ɗan dunƙule na maikiron kaɗan (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma idan abin da kowane haƙori zai yanka ya gaza wannan dunƙulen sosai, sai ya daina yanka ya koma goga, zafi ya taru, kaifin ya dakushe. D2 kuwa ba ya yafe wannan, domin kusan kashi 12 cikin 100 nasa kuromiyam ne, cike yake da ƙwayoyi masu tauri da ke cin kaifi kamar yashi.

Amma kafin ka taɓa lissafin gudu, auna rawar da bakin ke yi idan yana juyawa. A ce kowane haƙori zai ci maikiron 3, wato tafiyar milimita 72 a minti a juyin injinka, rawar kuma ta kai maikiron 5. To, haƙori ɗaya ne zai ɗauki duk aikin, ya ci maikiron 6, ɗan'uwansa yana yankan iska. Gashin kai ɗaya kaurinsa wajen maikiron 70 ne, ka ga ƙura kaɗan a cikin kolet, wato mariƙin da ke damƙe bakin, ta isa ta jawo wannan. Ka goge mariƙin sosai, ka auna da agogon awo mai nuna maikiron, ka nemi rawar ta tsaya ƙasa da maikiron 3. In da hali, mariƙin da ake dumamawa ya kama baki ya fi kolet.

Sai tsawon wuyan bakin. Lanƙwasarsa tana ƙaruwa ninki takwas idan ka ninka tsawonsa, ninki goma sha shida kuma idan ka rage faɗinsa da rabi, don haka ka sayi mai gajeren wuya daidai zurfin ramin, kada ka ce za ka ajiye dogo don ayyuka da yawa. Ka fara kwashe yawancin ƙarfen da babban baki, ka shigar da ƙaramin a gangare ko a zagaye, ba a tsaye ba, kana cin zurfi kaɗan-kaɗan. Ka bar ruwan sanyaya, domin zafi da sanyi a jere suna tsattsaga kabayid; iska mai ƙarfi ta isa ta kore ɓarɓashi, musamman idan bakin yana da rufin AlTiN mai jure zafi.

Juyi 12,000 yana ba ka gudun yanka na mita 19 a minti kacal, alhali samun mita 50 a minti na buƙatar juyi wajen 32,000. Idan aikin zai dawwama, ka ƙara na'urar ƙara juyi, ko ka kai ramuka masu zurfi injin EDM mai cin ƙarfe da tartsatsin lantarki.