Hukuncin ɗaukar fim a hanyar ziyarar 'yan Buda ta tsibirin Shikoku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Japan, ina kuma taɓa aikin kyamara. Wani kamfani ya neme ni mu bi hanyar masu ziyara ta tsibirin Shikoku, mu ɗauki tsaunuka da gaɓar teku da al'adun mutanen. Ya halatta in karɓi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, in dai ka tsaya a matsayin mai ɗaukar labari, ba ka zama ɗaya daga cikin masu ziyarar ba.

Wannan hanya zagaye ce ta kusan kilomita 1,200, tana haɗa wuraren bauta 88 da ake dangantawa da malaminsu Kukai, wanda ya mutu a 835. Tana farawa daga Ryozenji a Tokushima, ta ƙare a Okuboji a Kagawa, mai tafiya a ƙasa kuwa yakan ci kwana arba'in zuwa hamsin. A wurinsu tafiyar kanta ibada ce, don haka niyyarka ita ce farkon abin dubawa. Hadisin Bukhari da Muslim ya hana ɗaura sirdi don neman lada sai zuwa masallatai uku, amma bai shafi tafiyar sana'a ko ilimi ba. Ummu Salama da Ummu Habiba sun siffanta wa Annabi (SAW) cocin da suka gani a Habasha har da hotunan cikinsa. Ya bayyana ɓatar masu yinsa, bai zarge su a kan gani ko bayar da labari ba. Ibn Battuta ma ya hau dutsen ziyara na tsibirin Sarandib (Sri Lanka ta yau) ya faɗi abin da ya gani.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne bakin ƙofa. Mai ziyara yakan rusuna, ya wanke hannu da baki, ya buga ƙararrawa, ya kunna kyandir da turare, ya jefa kuɗi da takarda mai sunansa a akwati, ya yi karatun addininsu, sannan a buga masa hatimi a littafinsa. Ka ɗauka da kyamara in sun yarda, amma kada ka yi ko ɗaya, ko da shugaban aikin ya ce don hoto ne kawai. Rusunawar nan ta fi kama mutane, domin wanda ya zauna a Japan jikinsa ya saba da ita.

Kada ka sa farar rigarsu da malfarsu. Sandar da suke riƙewa ta fi tsanani: suna ɗaukarta a madadin Kukai yana tafiya tare da su, har ba sa dogara ta a kan gada. Hawan Shosanji, wuri na 12, yana son sanda, to ka sayi ta masu hawan dutse.

Mutanen ƙauye sukan ba matafiyi lemo ko shayi ko 'yan kuɗi don neman albarka. Ka gaya musu aiki ya kawo ka. In duk da haka sun ba ka, karɓi, Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, mai mulkin Masar wanda ba Musulmi ba ne.

Sai ka karanta kwantiragin da kyau. Fim ɗin da ke bayyana tarihi da ƙasa daban, wanda aka shirya don kiran mutane zuwa bautar daban. Na biyun taimako ne a kan saɓo, aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. In kai ne mai sharhi, ka riƙa cewa "a imaninsu", kuma ban da zagi, saboda aya ta 108 a Suratul An'am.

Kada ka yi salla a ɗakin da gumaka suke. Ka yi ƙasaru, tun da tafiyar ta wuce mil 48, sai in kun yi niyyar kwana huɗu a gari ɗaya. A masauki ka tambayi abin da aka sa a miya, don sukan dafa da giyar shinkafa ko naman alade.

Allah ne mafi sani.