Jakar da ba mai ita a cikin mota: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce kin ga jaka yashe ƙarƙashin kujera daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, ba wanda ya ce tasa ce, ba kuma wanda ya tanka, kina tambaya ko tsoronki ne ya yi yawa. Bai yi yawa ba. Na daɗe ina lodi a tasha, kuma abin yana damuna kamar yadda ya dame ki.

Duk wanda yake Marwa a Yulin 2015 bai manta ba. Ranar 22 bom ya tashi a babbar kasuwa da unguwar Barmare, ranar 25 kuma a unguwar Pont Vert. A watan Yulin dai aka kai hari babbar kasuwar Njamena. Bayan haka ko ledar goro ka shigo da ita tasha sai an buɗe, kowane fasinja ya nuna katinsa, a rubuta sunansa, a shafa masa na'ura a jiki. Yau na'urar tana rataye ba batir. Gaskiya yawancin waɗancan hare-hare a jikin mutum aka ɗauro su, galibi yara mata, Allah ya jiƙan musulmi. Amma wanda ya iya ɗaura wa yarinya bom ba zai ji nauyin cusa shi cikin buhu ba.

Mutanenmu kuwa ba rashin hankali ke sa su shiru ba. Kunya ce da amana. Mun saba da "riƙe mini, zan yi alwala", mun saba da ba direba saƙo a ɗaure a ce wani zai karɓa a Mora ko Kuseri. Tambayar abin da ke ciki sai ta zama kamar ka kira mutum ɓarawo. Sannan ga tsoron jandarma: kowa na gudun ya yi magana a tsare motar, a riƙe shi shaida, tafiyar yini ta koma kwana. Wannan tsoron na fi gani, kuma hukuma ce ya kamata ta cire shi daga zukatan mutane.

In kin sake gani, ɗaga murya ki ce, "Jama'a, jakar wa ce wannan?" Sau da yawa wani zai ce tasa ce, magana ta ƙare. In shiru ne, faɗa wa direba ya tsaya nesa da kasuwa, kowa ya sauka. Kada a taɓa ta, kada yaron mota ya girgiza ta don jin nauyi, wannan na gani da idona. A ja baya sosai kafin a kira 117 na 'yan sanda ko 113 na jandarma. Ni kuma a layina ba na ɗora saƙo sai mai shi ya kwance a gabana, ko da Alhaji ne, ko da zai yi fushi ya koma wata mota.