Tambaya da Amsa: Shin ihu a intanet na fito da wanda aka ɗaure bisa kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya fi shekara ɗaya a gidan yari bisa zargin fashi da makami. Duk zaman da aka yi a kotun majistare sai a ce ana jiran shawara daga Ma'aikatar Shari'a, a ɗage. Samarin unguwarmu sun ce mu ƙirƙiri maudu'i a Facebook da X. Zai yi amfani? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafita. Zai iya yin amfani, amma sai kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami. Ajiyar ƙaninki kawai ya yi kafin Ma'aikatar Shari'a ta duba fayil ta ce a gurfanar da shi a babbar kotu ko a sake shi. Saboda haka zagin alƙali a intanet ɓata lokaci ne. Sau da yawa ma fayil ɗin bai bar hannun 'yan sanda ba, ko an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki. Haka ake tara mutane, har ta kai kusan biyu bisa uku na mazauna gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi.

Kafin ku wallafa komai, ku je wurin magatakardan kotu ku karɓi lambar ƙara, da kwafin takardar tuhuma, da ranar da aka fara ba da umarnin tsare shi. Sannan lauya ya rubuta wa Kwamishinan Shari'a na jiha takarda yana tambaya ko fayil ya iso, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya tana da ofis a jihohi, kuma kyauta take aiki. Wannan kwafi mai hatimi shi ne abin da za a ɗora a intanet. Rubutun da ya ce "an zalunce mu" kwana biyu yake yi ya mutu. Wanda ya ce ga lambar ƙara, ga ranar da aka kai takarda, ga kwanakin da suka wuce babu amsa, ɗan jarida zai iya ɗauka, kuma jami'in da aka ambaci ofishinsa ba shi da wurin ɓuya.

Doka tana bayanku. A ƙarƙashin dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015, umarnin tsarewa na kwana 14 ne, a sabunta da wasu 14, daga nan sai hukuma ta zo ta faɗi dalilin ci gaba da riƙe mutum. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, sai lauya ya duba adadin kwanakin ta jiharku. Zai kuma iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu bisa sashe na 35 na kundin tsarin mulki, ya kuma nemi a sa sunan ƙaninki cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba idan ya kai ziyarar rage cunkoso.

Buƙata ɗaya za ku riƙe: a fitar da shawarar ma'aikata ko a sake shi. A watan Nuwamba na 2024, bidiyon yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ya karaɗe waya, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Abin ya yi sauri ne don ido ya gani, kuma kowa ya san mai ikon janye ƙarar.

Tambaya: An yanke wa ɗana shekara 15 a babbar kotu shekara biyu da suka wuce, kuma hujjar kawai ita ce takardar amsa laifi da ya sa wa hannu bayan duka. An ce mana lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. — Wani dattijo daga Gusau

Amsa: Baba, Allah ya ƙara haƙuri. Wa'adin kwana 90 ne, kuma ya wuce, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ana neman Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara lokaci, da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri da kuma hujjojin da suka cancanci a saurara. Matakin farko shi ne kwafin hukunci da kundin zaman kotu masu hatimi. Lauya zai duba abu ɗaya kafin komai: shin an ƙalubalanci takardar amsa laifin a lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa ta? A nan yawancin ƙararraki ke lalacewa, domin in lauyan farko ya yi shiru a lokacin, da wuya kotun sama ta karɓi zancen duka daga baya. Zai kuma duba ko an ɗauki jawabin a bidiyo ko a gaban lauya, kamar yadda dokar 2015 ta tsara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ta haramta kafa hujja da jawabin da aka tatsa da azaba.

Amfanin intanet a nan biyu ne: neman lauya mai taimako, da tara kuɗin harhaɗa kundi. A tara a asusun da mutum biyu ke sa hannu, a riƙa nuna rasit. Zargin cin kuɗi ya kashe fafutuka da dama. Akwai kuma afuwar gwamna bisa sashe na 212 na kundin tsarin mulki. Da ita aka saki Segun Olowookere a Jihar Osun a Disambar 2024, bayan hirar iyayensa ta yaɗu, shekara goma da yanke masa hukuncin kisa a shari'ar fashin da ta shafi kaji. Sai dai afuwa jinƙai ce, kotu ce kaɗai ke cewa ba a tabbatar da laifi ba.

Tambaya: Ni ke riƙe shafin intanet da muke fafutukar neman a saki wani da ke tsare. Za a iya kama ni? — Wani ɗalibi daga Kano

Amsa: Za a iya, ɗan'uwa. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet a kan masu rubutu, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024, ga kuma laifin ɓata suna. Kada ka ce alƙali ya ci hanci, kada ka sa hoto ko sunan shaida ko mai ƙara, kada ka yanke hukunci a kan shari'ar da ke gaban kotu. Ka nemi amincewar wanda ke tsare da iyalinsa kafin ka sa fuskarsa, in yaro ne ka rufe ta. Duk rubutu ya bi ta hannun lauya kafin ya fita, kuma ainihin takardun su zauna a ofishinsa, hotonsu kaɗai ya kasance a wayarka.