Tambaya da Amsa: Dagin da ke saman ƙofar zaurenmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran gidan kakanmu a cikin birnin Zariya, da muka kankare tsohon shafe sai ga zanen dagi a saman ƙofar zaure. Ƙanena ya dage wai gicciye ne, a rufe shi da siminti. Mece ce ainihin ma'anarsa?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ku kira magini, ja ƙanen naka zuwa bakin zauren, ya ɗora yatsa a kan layi guda ya bi shi. Zai ga layin ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ɓullo, ya haye wani, har ya komo inda ya faro. Gicciye sanduna biyu ne da aka gitta, kowane da ƙarshensa. Wannan kuwa ƙulli ne, ba kai ba wutsiya.

Sunan ma kansa bayani ne. Dagi a Hausa shi ne tafin ƙafar zaki ko damisa ko kyanwa, abin da ake dafe nama da shi. Shi ya sa nake karanta shi a matsayin alamar ƙarfi da tsari: mai gida na cewa nan akwai mai riƙo. Ka duba tsohuwar babbar riga mai aska takwas, za ka ga irin wannan sarƙaƙƙen ƙulli kusa da zanukan ɗinkin da ake kira tambari da gidan biyar. Ina yaro na sha zama gefen wani maɗinki a unguwarmu, ina kallon yadda malami ke zana masa fasalin da tawada a kan saƙi kafin allura ta taɓa shi. Hannun da ya saba zayyana allo ne ke fitar da shi.

Fassarar da kowa ya haddace yau, wato haɗin kan al'ummomin Arewa, ta zamanin siyasa ce. Ta yi ƙarfi ne lokacin Sardauna Ahmadu Bello, Firimiya daga 1954 zuwa 1966, da aka mai da dagi tambarin Jihar Arewa. Fassara ce mai kyau, amma magina da dukawa sun riga 'yan siyasa saninsa da nisa.

Kuma ba mu kaɗai ke da shi ba. Ɗan'uwansa mai zobe biyu sarƙe da juna yana nan a daɓen gidajen Rumawan da, yana nan a sassaƙar Yarabawa, Turawa na kiransa ƙullin Sulaimanu.

Siminti dai kada ku kusance shi da shi, don ba ya shiri da bangon ƙasa: yana riƙe danshi har ya ɓamɓaro da zanen gaba ɗaya. Ku nemi tsohon magini wanda ya san makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ya gyara muku shi, sannan ku aiko mini da hotonsa.